Wadda ta ƙi da wadda ta kasa: nazari a kan fim ɗin L'Arbre sans fruit

A ƙasar Damagaram, kamar sauran ƙasar Hausa, al'ada ba ta da kotu, amma tana da hukunci. Da habaici ake zartar da shi, da zunɗe, da shirun da kan sauka in wani ya shigo taro. A azumi yara kan yi wa gwauro tashe, bazawara kuwa ana ƙidaya mata watanni. Sai dai duk cikin waɗanda wannan hukunci ke hawa, babu wadda ta kai matar da ta yi aure ba ta haihu ba shan wuya. Ita ce Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta ɗora wa kyamara a fim ɗinta na gaskiya mai suna L'Arbre sans fruit, wato itacen da ba ya ƴaƴa, wanda ya fito a 2016 kuma ya ci kyautar fim ɗin gaskiya mafi kyau a gasar AMAA a shekarar.

Macky ta karanci ilimin zamantakewa a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai kafin ta koyi aikin fim, amma ba ta tsaya a gefe kamar mai bincike ba. Ita kanta matar aure ce da ba ta samu haihuwa ba, kuma ta gina fim ɗin kamar wasiƙa zuwa ga mahaifiyarta, wadda ta rasu wurin haihuwa tun tana ƙarama. Wannan zaɓi shi ne ƙashin bayan aikin. Uwa ta rasa ranta wajen cika abin da al'umma ke nema ga mace, ɗiya kuma tana rasa darajarta don ba ta cika shi ba. Tsakanin su biyun mai kallo yake ganin ƙuncin hanyar da aka shata wa mace a ƙasar da binciken 2012 ya nuna kowace mace tana haihuwar ƴaƴa 7,6 a matsakaici, adadi mafi yawa a duniya a lokacin.

Babban abin da fim ɗin ya fallasa shi ne cewa al'ada ba ta rarrabe wanda ya ƙi da wanda ya kasa. Matan da muke saurare ba su yi tawaye ba. Sun yi aure, sun bi likita, sun bi malamai, sun sha magani iri-iri. Duk da haka sakamakonsu ɗaya ne da na mai bijirewa: gorin dangin miji, kishiya, ko saki. Kalmar juya da ake jifansu da ita, har dabba ana kira da ita. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa matsalar takan fito daga namiji, amma sau da yawa mace ce kaɗai ke zuwa awo, don tambayar lafiyar miji ita ma saɓa al'ada ce.

Saboda haka bijirewar gaskiya a nan ita ce ta mai fim ɗin. Kunya, wadda muke yabo a matsayin adon ɗiya mace, ta hana a faɗi irin wannan ciwo a fili. Macky ta ƙi yin shiru, kuma ta yi hakan ba tare da zagin kowa ba. Muryarta a kwance take, tana barin matan su yi magana har su ƙare, ba ta cika musu baki da sharhi. Wannan natsuwa ce ta sa ba a iya watsar da zancenta a ce raini ne ga iyaye ko kwaikwayon Turawa.

Rauninsa kuwa yana wajen maza. Muryar mata ta cika fim ɗin, har mai kallo ya riƙa marmarin jin abin da ke zuciyar mijin da uwarsa da abokansa suka matsa wa ya ƙara aure, domin shi ma al'ada ta ɗaure shi. Kamar Macky ta biya wannan bashi a fim ɗinta Zinder na 2021, inda ta shiga unguwar Kara-Kara, tsohon mazaunin kutare da waɗanda gari ya ware, ta saurari samarin ƙungiyoyin da ake kira pale. A can ma darasin bai sake ba: wanda al'umma ta rufe wa ƙofa, shi ne daga baya take zargi da zama a waje.

An yaba wa waɗannan fina-finai a bukukuwan ƙasashen waje, amma wurin da suka fi amfani shi ne gida. Malaman makarantun Mirriya da ƙungiyoyin raya al'adu na karkararta suna da abin buɗe mahawara a hannu, musamman in aka tara maza da uwayen miji su kalla. Al'adarmu da kanta ta tanadi riƙo, ta kuma ce ɗa na kowa ne. Ke nan tana da abin da za ta share hawayen marar haihuwa, in masu riƙe da ita suka zaɓi wannan ɓangare nata suka bar na gori.