Alƙalamin Ɗalibi Mai Riƙo Da Al'ada

Da yamma a unguwarmu ta Bololo, idan zafi ya sauka aka shimfiɗa tabarma aka ɗora shayi, samarin da ke karatu a Jami'ar N'Djamena sukan taru kowa da wayarsa a hannu. A nan na fara lura da wani sabon salon rubutu da ya yaɗu a tsakaninsu. Ɗalibai ne masu ra'ayin riƙau, masu kishin addini da tarbiyya, suke sharhi a Facebook da WhatsApp kan abin da ke faruwa a makaranta. Wasu da Larabci suke rubutawa, wasu da Faransanci, 'yan kaɗan da Hausa. Ina karanta su, kuma da yawa daga cikin abin da ke damunsu ni ma yana damuna. Shi ya sa nake da ta cewa.

Da fari dai na ji daɗin ganinsu. An daɗe ana ɗauka cewa ɗalibin da ya iya sharhi shi ne wanda ya juya wa gida baya, shi kuwa mai zuwa masallaci da asuba aikinsa shiru. Ga shi yau yara masu kunya da ladabi sun ɗauki alƙalami, suna kare abin da suka gada da hujja. Kuma kada a manta, daga watan Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019 an toshe kafofin sada zumunta a Chadi. Wanda ya ɗanɗani wancan shiru na wata 16 ya san darajar samun wurin magana.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda suke ƙarar da tawadarsu. In ka bi rubuce-rubucen nan na mako guda, kusan duka a kan suturar ɗalibai mata ne, da wanda aka gani yana hira da wance, da raye-rayen bikin kammala karatu. Kwanaki wani ɗan ƙanena ya nuna mini hoton wata ɗaliba da aka ɗauka ba da saninta ba, aka yaɗa da dogon wa'azi a ƙarƙashinsa. Na ce masa, "Ɗana, in 'yar'uwarka ce fa?" Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ai gyara ake nufi." Na yarda gyara suke nufi. Amma addinin da suke karewa shi ne ya hana bin diddigin mutane da tona asiri, kuma ya yi umarni da a tabbatar da labari kafin a yaɗa shi. Yarinyar nan tana da uwa da uba, kuma hoton da ya shiga waya ba ya dawowa.

Alhali ga manyan matsaloli nan jibge a gabansu. Ɗalibin Bololo da ke da darasi a harabar Toukra, can kudancin gari, sai ya yi sammako ya je ya yi kokawar shiga bas, wani lokaci ya isa an gama. Tun 2016, lokacin matakan tsuke bakin aljihu 16 da gwamnati ta ɗauka bayan faɗuwar farashin mai, aka soke kuɗin tallafin da ake ba ɗaliban cikin gida. Yajin aiki yana jan shekarar karatu kamar danƙo, har digirin shekara 3 yakan ci fiye da haka. Jami'ar da aka kafa tun 1971 ta cancanci 'ya'yan da za su rubuta a kan waɗannan, da lissafi da shaida. Sau da yawa masu riƙon nan sukan bar wa ƙungiyar ɗalibai ta UNET wannan fage, kamar batun bas da ɗakin karatu ba na masu addini ba ne.

To ai magabatan da suke alfahari da su ba haka suka yi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi magana a kan ɗabi'a, ƙwarai kuwa, amma ya soki sarakunan zamaninsa kan harajin zalunci, ya kuma zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u malama ce da ta tura malamai mata da ake kira jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Wanda ya fito daga wannan tsatso, in ya ga ɗaliba ta taso daga gida da duhun asuba don neman ilimi, abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne ko ta sami motar da za ta kai ta lafiya.

Na roƙi ɗan ƙanen nawa ya gwada abu ɗaya: ya tsaya a tashar bas ɗin ɗalibai kwana biyar a jere, ya ƙirga motocin da suka zo da mutanen da aka bari a ƙasa, maza da mata, ya rubuta da sunansa na gaskiya. Ya ce zai fara ranar Litinin.