Ma'aunin Common Sense Media: abin da ya auna da abin da ya bari

Yau za mu duba aikin wata ƙungiya ta Amurka mai suna Common Sense Media, wadda James Steyer ya kafa a San Francisco a shekarar 2003. Aikinta shi ne ta kalli fim, ko wasan kwamfuta, ko littafin yara, ta faɗa wa iyaye shekarun da ya kamata yaro ya kai kafin a bar shi da shi. Tana duba zubar da jini, da batsa, da ashar, da shaye-shaye, da tallan da ake cusawa cikin labari.

Mu fara da yabo, domin adalci wajibi ne ko ga wanda ba addininmu ɗaya ba. Waɗannan mutane ba su tsaya ga zagin zamani ba. Sun zauna sun kalli abin da yara ke kallo ɗaya bayan ɗaya, sun rubuta abin da ke ciki. Mu kuwa sau nawa muka hau mumbari muka ce salula ta lalata yara, alhali ba mu taɓa buɗe ta mun ga me ke cikinta ba? Kiran da suke yi a ajiye waya lokacin cin abinci shi ma abin karɓa ne. Haka shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019: yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

To amma ma'aunin nasu yana da iyaka, kuma dole mu san ta.

Na farko, da shekaru yake aunawa. Fim mai tsiraici sai a ce bai dace da ɗan shekara 10 ba, amma ya dace da ɗan 16 ko 17. A wurinmu ai haram ba ta zama halal don yaro ya girma. Hasali ma balaga ita ce lokacin da ake fara rubuta masa aikinsa. Uban da ya ga an sa lamba 16 ya saki jiki, an gaya masa ra'ayin iyayen wata al'umma ne, ba hukuncin shari'a ba.

Na biyu, don gidajen Amurka aka yi shi, da Ingilishi da Sifaniyanci. A gidajenmu sau da yawa waya ɗaya ce ke yawo daga hannun uwa zuwa na ƙaramin yaro, wai don ya yi shiru a gama girki. Abin da ke cikinta kuma fim ɗin Indiya ne mai fassarar Hausa, da guntayen bidiyon TikTok, da saƙon murya na WhatsApp. Wa ya auna waɗannan? Babu lambar shekaru a kan abin da maƙwabci ya turo.

Na uku shi ne ya fi damun mu. Yaronmu zai iya wuni bai ga batsa ba, amma ya ga an yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu na wani malami, an cire farkon magana da ƙarshenta, ya haddace, ya zo makaranta yana kafirta kakansa. Ma'aunin da ke ƙirga jini da ashar sai ya ce wannan bidiyon lafiya lau yake.

A nan ba mu da uzuri, domin maganin yana cikin littattafanmu. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu karɓi labarin wanda ba a amince da shi ba. Imamu Muslim ya yi bayanin muhimmancin isnadi a gabatarwar Sahihinsa. Tambayoyin da masu wayar da kai kan kafafen labarai ke koyarwa yau, wa ya faɗa, daga wa ya ji, me aka cire, malaman hadisi sun daɗe da su. Amma ɗalibinmu yana yi wa hadisi waɗannan tambayoyi a aji, ya fita ya tura saƙon WhatsApp ba tare da ko ɗaya ba.

Saboda haka mu ɗauki himmarsu, mu yi aiki da ma'auninmu. Uba ya zauna ya kalli abin da ɗansa ke kallo, ko sau ɗaya a mako. Malamin hadisi ya kawo bidiyo ɗaya aji, ɗalibai su nemo cikakken karatun da aka yanko shi daga ciki. Waya ta kwana a ɗakin iyaye. Mu manya kuma mu fara da kanmu, domin yaron da ke ganin babansa yana latsa waya ana huɗuba ba zai ji wa'azinmu ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Amin.