Laurence Olivier: Gwaninta da Iyakarta

A tarihin wasan kwaikwayon Ingila da wuya a sami ɗan wasan da ya kai Laurence Olivier (1907-1989) shahara a dandamali da fim da talabijin. Shi ya shirya fim ɗin Hamlet na 1948, ya kuma fito a cikinsa, har ya ci lambar Oscar. A 1963 ya zama daraktan farko na Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa.

Dabararsa ita ce soma gina mutum daga zahirinsa: hancin ƙarya, sauya murya, salon tafiya. Wannan dabara ta yi masa rana a Richard III (1955), inda ƙusumbi da ɗingishi suka fito da muguntar sarkin. Amma a ganinmu ta kasa a Othello (1965). Ya shafe jikinsa da baƙin fenti, ya ƙara wa muryarsa kauri, yana zazzare ido, har siffar ta danne mutumin da kishi ke ci. Haka ya yi wa Mahadin Sudan a Khartoum (1966): mun ga rawani da gemu, ba mu ga malamin da ya tayar da jihadi a 1881 ba.

Sai a King Lear na talabijin (1983), yana ɗan shekara 75, raunin tsufa na gaske ya ratsa wasansa, ya taɓa zuciyar mai kallo. Saboda haka muna jan hankalin ɗalibanmu masu hawa dandamali da su fahimci mutum tukuna kafin su ari rigarsa.