3.4 Sharhi Kan Sharuɗɗan Riƙon Yara a Gaban Kotu

Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, wadda Jihar Kaduna ta kafa irin tata a 2018, ta ɗora wa kotu nauyin yanke wanda zai riƙi yaron da ya rasa mai kula da shi. Daga cikin sharuɗɗan dokar tarayyar akwai cewa mai neman riƙo ya kai shekara 25, ya kuma girmi yaron da shekara 21. To, a nan gizo ke saƙar. Riƙon Bahaushe ba ruwansa da lissafin shekaru: goggo ko inna kan ɗauki maraya bayan sadakar uku, ba takarda ba alƙali. A Kakuri da Makera, inda rikicin 2000 ya sa wasu dangi suka ƙaura zuwa arewacin kogi, wanda ya rage kusa shi ke riƙo. Ke nan innar da ta girmi ɗan yayarta da shekara 15, ko da ita ta yaye shi, sharaɗin zai kayar da ita ranar zaman kotu, alhali bare mai yawan shekaru ya cika shi.