Gobara Ba Alƙali Ba Ce: Waiwaye Kan "Alhaki Kuykuyo Ne"

A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da "Alhaki Kuykuyo Ne", littafin da Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012. Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara a Kano, wadda mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu, ya sake ta, ya kore ta da yaranta. Ta kama sayar da abinci ta riƙe su, har 'yarta Saudatu ta auri mai hali. Shi kuwa gobara ta cinye masa shago, dukiya ta watse, Delu ta juya masa baya, aka dawo ana lallashin Rabi ta koma.

Ƙarfin littafin yana cikin lissafinsa. Balaraba ta san gidan da cefane ba ya isa, ta san yadda matar aure ke cike giɓin da ƙaramar sana'arta ba tare da kowa ya gode mata ba. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana ƙarama, sai daga baya ta koma karatun manya. Shi ya sa zafin ke ratsa mai karatu.

Amma wa ya hukunta Alhaji Abdu? Wuta. Nan ne nake da ja. Kusan duk abin da ya yi wa Rabi akwai hukuncinsa a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi. Wadda aka yi wa sakin da ake iya kome, a ɗakinta take idda, kuma ciyarwarta na kan miji. Uwa ce ta fi cancantar riƙon yara, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. Ci da sha da suturarsu kuwa wuyan uba suke, ko da aure ya mutu. Matar da ke sauraron labarin a tsakar gida, a unguwar talakawa a Birnin Kebbi ko a Dodoru, za ta zubar da hawaye, ta tashi da darasin haƙuri da neman na kai. Da wuya ta tashi da sanin cewa tana iya tsayawa gaban alƙali ta nemi kuɗin abincin 'ya'yanta.

Za a ce ƙagaggen labari ba littafin doka ba ne, kuma marubuciyar abin da ke faruwa ta nuna: dangi su taru, a ce a rufa asiri. Gaskiya ne, kuma komawar Rabi ba tare da farin ciki ba ita kanta tuhuma ce ga al'umma. Sai dai adabinmu ya taɓa ɗaukar wannan kaya. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta horar da jajjajin 'Yan Taru, suka kai ilimin addini ga matan ƙauyuka. Mahaifinta Shehu Usmanu ya soki mazan da ke barin matansu cikin jahilci, baffanta Abdullahin Gwandu kuma ya rubuta "Liya'ul Hukkami" kan mulki da shari'a.

Tarihin kusa ma ya nuna kuɗin rashin sani. Safiya Husaini a Sakkwato a 2002, da Amina Lawal a Katsina a 2003, sun tsira daga jifa a kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a. A shari'ar Amina, lauyoyi sun kafa hujja da 'yancin janye iƙirari da batun kwantaccen ciki, duk daga cikin fiƙihu. Hujjojin suna nan tun ranar farko, wanda zai faɗa mata ne babu. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan: maɓallin da mai waya bai san da shi ba, daidai yake da babu.

Ƙorafina ya fi karkata ga magadan Balaraba, masu sako labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Har yau azzalumin miji hatsarin mota ko karayar arziki ke jira, in kuwa an shiga kotu, sai ka ga ta fim ɗin Indiya. Marubuciya ta je kotun Shari'a ta unguwarsu ta yini, ta ji yadda ake shigar da ƙara, yadda ake kiran shaidu, yadda ake yanka kuɗin ciyarwa, da yadda ake jan talaka da ɗage zama. Labarin da ke can ya fi gobara ɗaukar hankali, kuma wata Rabin za ta rufe waya ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.