Malfar Jaji: Nazari a Kan Jagorancin Mata a Addini

Wanda ya ga matan aure a Damri ko Bakura suna ɗaukar karatu a gaban malama 'yar'uwarsu yana iya zaton baƙon abu ne da zamani ya kawo, alhali kuwa a ƙasar nan ta Zamfara aka yi muhawarar karatun mata tun fiye da ƙarni biyu. Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, a cikin shekarun 1780, wani malami, Mustafa Gwani, ya soki halartar mata majalisin Shehu, sai Shehu ya umarci ƙanensa Abdullahi ya mayar da jawabi, wanda ke cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, yana kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilci ya fi cakuɗuwarsu da maza da ake tsoro muni.

'Yar Shehu, Nana Asma'u (1793-1864), matar Waziri Giɗaɗo, ita ce ta mayar da wannan hujja aiki, ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa amintacciya daga kowane gari, ta karantar da ita, sa'an nan ta ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan rawani, ta zama jaji. Ita kuma jajin ta jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa Sakkwato da sadakar hatsi da zuma da man shanu, su komo da waƙoƙin tauhidi da tsarki da tarihin Manzo cikin Hausa da Fulatanci, su isar da su ga matan da aure ya tsare a gida. Malfar nan kuwa a da alamar Innar Gobir ce, shugabar bori, kuma a ganina babu hikimar da ta kai wannan, domin an karɓi girman da mata suka riga suka sani, aka ɗora shi bisa ilmi. Bayan rasuwar Nana Asma'u ƙanwarta Maryam ta riƙe amanar.

Yahudawa, waɗanda malaminsu ake kira rabbi, su ma sun sha tasu gardamar a kan jagorancin mata a addini. A ƙarni na 17 Asenat Barzani ta shugabanci makarantar Attaura a Mosul. Amma naɗin mace da cikakken izini sai a 1935, lokacin da aka naɗa Regina Jonas a Jamus, wadda aka kashe a Auschwitz a 1944, sa'an nan Sally Priesand a Amurka a 1972, kuma har yau mafi yawan masu riƙo da tsohuwar mazhabarsu ba su yarda ba. Mu mas'alarmu ta sha bamban, tun da limancin maza fiƙihun Malikiyya ya rufe ƙofarsa, kuma jaji ba ta taɓa nemansa ba. Abin da ta riƙe shi ne izinin karantarwa, mai silsila sananniya daga malama zuwa ɗaliba.

Wannan izini shi ne ya yi ƙaranci a yau, domin malamar Islamiyya tana iya tsufa tana karantar da Ahalari da Ishmawi ba tare da an shaida mata a bainar jama'a ba. Ina kira ga malaman Mafara da Bakura da Maradun su jarraba waɗannan mata, su ba wadda ta cancanta ijaza a rubuce.