Motar Iyali da Aka Cire Wa Kujerar Baya

A shekarar 2020 kamfanin Alfa Romeo na Italiya ya cika shekara 110, sai ya yi wa kansa goron biki da wata mota mai suna Giulia GTA. Ya ce guda 500 kacal zai ƙera, kowace da lambarta. Ita Giulia asalinta salun ce mai ƙofa huɗu, irin wadda magidanci a Milan zai ɗauki uwargida a gaba, yara a baya, kayan cefane a but. To, a cikin 500 ɗin nan akwai samfurin da suka raɗa wa GTAm, wanda in ka buɗe ƙofar baya ba za ka tarar da kujera ba. Abin da ke wurin ƙarafan kariya ne, da gurbin ajiye hular kwano, da tukunyar kashe gobara. Ƙofa tana nan, mariƙinta yana nan, wurin zama ne babu.

Tun da na ga hoton cikin motar nan nake ta jayayya da abokaina masu son mota, kuma har yau ba mu sasanta ba. Wasunsu na ganin ai an kai ƙarshen gwaninta: inji mai fulogi shida da turbo biyu, ƙarfin doki 540, an rage mata nauyin kilo ɗari, injiniyoyin Sauber masu motocin tseren Formula 1 a lokacin sun sa hannu a yadda iska ke bi ta jikinta. Wasu kuma lissafi suke bugawa. Giulia Quadrifoglio, wadda kowa mai kuɗi zai shiga shago ya saya ba tare da layi ba, a lokacin tana da doki 510 da kujerunta cif, a kusan rabin kuɗin GTA. Doki talatin ne ya ninka farashi? Akwai rukuni na uku, su ba ruwansu da doki ko kujera. Lambar da ke kan ɗan allon ƙarfen da aka manna a ciki suke kallo, ta nawa ce cikin 500, da kuma nawa za ta kai a gwanjo nan da shekara goma.

Ni ban tsani motar ba. In aka miƙo mini makulli ba zan yi fulako ba. Abin da ke damuna shi ne an manta dalilin da ya sa muka fara son irin waɗannan motoci tun asali.

Daɗin salun mai gudu yana cikin ɓad-da-kama. Kura ce da fatar akuya. Ferrari ko Lamborghini tun daga nesa take shelar kanta, kowa ya san ta fito neman magana. Ita kuwa wannan, a danja za ta tsaya kusa da kai kamar motar wani akawu da ya tashi daga aiki, kujerar jariri a baya, sai fitila ta ba da hannu ka neme ta ka rasa. Da BMW ta fito da M5 ta farko a tsakiyar shekarun 1980, abin da ta yi ke nan: ta ɗauko inji daga zuriyar motar tserenta M1, mai doki 286, ta cusa a jikin salun da ba ta da wani kwalliya. Dubu biyu da ɗari biyu da 'yan kai aka yi, da hannu ake haɗa su, kuma wanda bai san mota ba ba zai bambance ta da ta maƙwabcinsa ba.

Mu nan ma mun san jikin da aka yi wa irin wannan aikin, ko da ba mu san labarin ba. Marsandin da muke kira V-boot, wadda ta cika titunan Kano da Kaduna, tana da wata 'yar'uwa mai suna 500E. A ƙarshen shekarun 1980 Mercedes ta so ta saka inji mai fulogi takwas, lita biyar, a wannan bodi. Sai da aka faɗaɗa wurin tayoyi, kuma faɗin ya hana motar bin layin haɗa motoci na masana'antarsu da ke Sindelfingen. Porsche kuwa a lokacin kasuwa ta juya mata baya, tana neman aiki, sai aka ba ta kwangilar. Haka aka riƙa safarar gangar jikin motar tsakanin masana'antun biyu a yankin Stuttgart, a haɗa a can, a yi fenti a nan, a sake mayarwa, kowace mota ta ci kwana 18 kafin a gama ta. Dubu goma da ɗari huɗu da wani abu aka samu a cikin kusan shekara biyar. Ba wanda ya zauna a ofis ya zaɓi wannan adadi don ya burge masu gwanjo. Iyakar abin da hannu ya iya yi da abin da kasuwa ta ɗauka ke nan.

Ƙanwarta kuma, wadda muke ce wa Baby Benz, wato 190E, ita ce ta haifi motar da masu tara motoci ke rububi a yau, 2.5-16 Evolution II. An nuna ta a baje kolin motoci na Janiba a watan Maris na 1990, da wani ƙaton fiffike a kan but wanda ko a lokacin sai da mutane suka yi dariya. Guda 502 aka yi. Me ya sa 502? Doka ce ta tsere. A ƙa'idar rukunin A na wancan zamani, kamfani ba zai shiga gasa da mota ba sai ya ƙera irinta 5,000 ya sayar wa jama'a, kuma in yana so ya yi mata garambawul, sai ya sake fitar da aƙalla 500 masu wannan garambawul. Mercedes na son ta doke M3 ta BMW da Audi a gasar DTM ta Jamus, tana buƙatar fiffiken nan a fili, don haka dole ta sayar wa mutum 500 fiffike. A 1992 Klaus Ludwig ya ci kambun DTM da ita. Wato ƙarancin motar nan haraji ne da kamfani ya biya don a bar shi ya yi tsere, kuma duk da haka kujerar baya tana nan daram.

Wadda ta fi burge ni a duk zuriyar ita ce Lotus Carlton, wadda a sauran ƙasashen Turai ake kira Lotus Omega. A lokacin General Motors ce ke da Lotus, ita ce kuma ke da Opel da Vauxhall. Sai a ɗauko Omega sabuwa fil daga masana'antar Opel da ke Rüsselsheim, a kai ta Hethel a Ingila, a warware ta, a faɗaɗa injin zuwa lita 3.6, a ɗaura masa turbo biyu, a saka giya mai hawa shida irin ta Corvette ZR-1. Doki 377. Manyan kamfanonin Jamus sun yi yarjejeniya tsakaninsu ta taƙaita gudun motocinsu a kilomita 250 a awa, Lotus ta ce ita ba da ita aka yi ba. Carlton tana wuce 280. Jaridu suka yi caa, manyan 'yan sanda suka yi ƙorafi, magana ta kai har zauren majalisar dokokin Birtaniya. Abin da ya tayar musu da hankali ba gudun ba ne kaɗai, don Ferrari na yin haka ba wanda ya ce uffan. Ganin gudun a jikin motar da ta yi kama da ta wakilin kamfanin sabulu ne ya gagare su haɗiyewa. A ƙarshen 1993 wasu ɓarayi suka sace guda ɗaya mai lamba 40 RA a tsakiyar Ingila, suka yi ta fasa shaguna da dare suna kwasar giya da sigari, 'yan sanda na hango ƙurarsu. An ce in ka ga ƙi-gudu sa-gudu ne bai zo ba, amma a nan sa-gudun ya zo, ƙafa ce ba shi da ita. Ba a sake ganin motar ba.

Guda 950 aka yi, dukkansu kore mai duhu kamar baƙi. An yi niyyar yin 1,100, tattalin arziki ya karye, fam 48,000 ta yi wa mutane yawa, aka tsaya. Ƙarancinta ma rashin ciniki ne ya jawo shi.

Yanzu a dawo zamaninmu. Babu dokar tsere da ta tilasta wa Alfa Romeo 500. Babu wadda ta tilasta wa Jaguar 300 lokacin da ta fito da XE SV Project 8 a 2017. Sashen talla ne ya zaɓi adadin, kamar yadda mai gwanjo ke ɗaga kaya ya ce saura ɗaya. Sai dai zan yi wa Jaguar adalci, don aikin da aka yi wa motar nan ba na wasa ba ne. Inji mai fulogi takwas, doki 600, tayoyi huɗu duka suna ja, an sauya kusan duk fatar jikinta ban da rufi da ƙofofin gaba, da hannu aka haɗa ta a kusa da Coventry. Ta zagaye filin Nürburgring na Jamus, mai tsawon kusan kilomita 21, a minti 7 da daƙiƙa 21, daga baya ta rage zuwa minti 7 da daƙiƙa 18. Duk wanda ya ce wannan fenti ne da sitika bai yi gaskiya ba. Amma farashinta fam 150,000 ne ba kaɗan, sitiyarinta a hagu kawai alhali a ƙasar da aka haife ta a dama yake, kuma ita ma in ka ƙara kuɗi za a cire maka kujerun baya a sa keji. Ka biya ƙarin kuɗi don a rage maka mota. Daga baya kamfanin ya ware 'yan kaɗan ya rage musu fiffike don masu son su hau titi ba tare da an bi su da kallo ba, abin da ya nuna mini su ma sun ji a jikinsu cewa an zarce gona da iri.

BMW ta fi su dabara da M5 CS a 2021: doki 635, an rage kilo 70, an cire dogon bencin baya an sa kujeru biyu masu rungume mutum. Mutum huɗu dai za su zauna. Wannan na yarda da ita, ko da yake mai 'ya'ya uku sai ya yi ƙuri'a.

Na san amsar da abokaina ke ba ni. Suna cewa zamanin fetur ya kusa wucewa, waɗannan su ne na bankwana, a bar injiniyoyi su yi wasansu na ƙarshe. Akwai gaskiya a ciki. M5 da ta fito a 2024 tana haɗa fetur da lantarki, doki 727, amma nauyinta ya haura kilo 2,400, kusan tan guda sama da kakarta ta farko. Wanda ya saba da mota mai sauƙin jiki in ya ga haka dole ya waiwaya baya da kewa, kuma kamfanoni sun san yadda ake sayar da kewa. Suna kuma cewa ba don masu kuɗin da ke biyan ninki biyu ba, ba akantan da zai sa hannu a kashe kuɗi wajen ƙera ƙofa da kabon faiba. Wannan ma ban musa ba.

Inda muka rabu shi ne abin da ke faruwa bayan an sayar. Ka duba tallan irin waɗannan motoci a gidajen gwanjo na Turai da Amurka, abin da ake fara yabo shi ne maleji bai motsa ba. Mota ta shekara biyar ba ta yi tafiyar da ta kai Kano zuwa Abuja ba, kuma wannan ne abin alfaharin. An lulluɓe ta a gareji mai na'urar daidaita sanyi, batir a jone da caja, mai ita yana tsoron kowace kilomita don tana zaftare masa riba. Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san abin da turke ke yi wa ingarman da ba a hawa. Mota ma haka take, bakanike zai gaya maka: robobi su bushe, tayoyi su kwanta gefe guda, fetur ya lalace a tanki. Evolution II da aka ƙera don ta yi gumurzu da M3 yanzu ana sayar da ita ɗaruruwan dubban daloli, kuma da yawa daga masu ita ba za su yarda ruwan sama ya taɓa ta ba. Saurayin da ya girma da hotonta a bangon ɗakinsa, wanda shi ne zai tuƙa ta har ta tsufa, farashi ya riga ya kore shi.

Shi ya sa nake ganin allon lambar nan ya fi cire kujera ɓarna. Cire kujera ya raba motar da iyali, allon kuma ya raba ta da titi gaba ɗaya. Tun kafin a tayar da injin an riga an mayar da ita kadara, kamar fili a sabuwar unguwa da aka kewaye ana jiran gari ya iso.

In da za a jera mini su duka a ce in ɗauki ɗaya, 500E zan nufa, wadda ta ci kilomita dubu ɗari biyu, fatar kujerar direba ta tsage, da ɓurɓushin biskit a tsakanin kujerun baya. In na shiga da ita gareji a Kano, yaran bakanike za su ɗauka V-boot ce kamar kowace, har sai maigidansu ya ɗaga bonet ya ƙirga fulogi, ya sake ƙirgawa, sannan ya ɗago kai ya tambaye ni, “Alhaji, wa ya yi maka wannan aikin?”